Boris uku na ƙone kafin wani tsohon bakanike ya nuna man aksul ne ya mutu

Jama'a salamu alaikum. Tun satin da ya wuce nake ta cewa zan rubuta wanga abu, yau dai Allah ya yi. Maganar garejin da na kai motata ce anka canza man aksul na tayar baya, kuma na san masu Golf a Sakkwato ba su ƙirguwa, daga 'yan haya har irinmu masu lallaɓa tsohuwa, to ƙila wani ya karanta kuɗinshi su tsira.

Motar tawa Golf 3 ce wagon, irin wadda kamfanin Volkswagen ya daina ƙerawa tun 1999, wato duk wadda ka gani kan titi ta ba shekara 20 baya da nisa, amma wallahi har yanzu ita ce jakar talaka. Aiki nake cikin gari amma gida Gwadabawa ne, kusan duk ƙarshen sati ina kan hanyar Illela, in bi ta Kware in wuce, kuma gaskiya ɗaya ce bari in faɗi laifina tun yanzu kafin in faɗi na wasu, ban taɓa dawowa but ɗina ba kowa ba. Buhun albasa, buhun gero, wani lokaci inna ta ce ga wake a kai ma wance, ga ɗan rago a kai ma wane, mota ta zauna a baya awa raƙumin da anka yi ma lodin gishiri. Ga ramuka kuma bayan damina, wanda ke bin hanyar ya san abin da nake faɗi.

Abin ya fara da wani gurnani daga baya, wuuuu, ƙasa ƙasa, in ina tafiya sannu ba na jin komai amma da na haura 60 sai ya taso, in na ƙara wuta shi ma ya ƙara murya. Na ɗauka taya ce ta cinye, na kai ma mai faci ya duba ya ce taya lafiyarta lau. Abin da na lura da shi daga baya shi ne in na sha kwanar hagu ƙarar ta ƙaru, in na sha ta dama ta ɗan lafa, ashe dalili shi ne in ka karya hagu nauyin mota kan tayoyin dama yake komawa, to ɓangaren da ke kuka in an danne shi nan ciwon yake. Tayar baya ta dama ke nan.

Bakanike na farko da na kai ma, bai ko ɗaga kai ba ya ce boris ne, wato zoben nan mai 'ya'yan ƙarfe da taya ke juyawa a kanshi. An canza. Sati shida lafiya lau, sai ga gurnani ya dawo. Na biyu ya ce wancan jabu ya sa maka, na sayi wani mai tsada, shi kuma da ya gama ɗaurawa ya girgiza taya ya ji tana ɗan motsi sai ya ɗauko faif ya zura ma sifana ya hau kan notin ya danne da ƙarfinshi duka, ni kuwa ina tsaye ina jin daɗi wai ga mai aiki da gaske. Wannan bai yi wata ɗaya ba. Na uku shi ne gwanin, ya ce ƙarfen ya ɗan saki, ya ɗauko fonci da guduma ya bi jikin ƙarfen yana sassara mashi ɗigo ɗigo wai don boris ya kama, sannan wurin ɗan fin ɗin da ke riƙe noti ya lanƙwasa ƙusa 'yar inci uku ya sa. Ƙusa fa, irin ta kafinta. Ba zan kama sunan kowa ba don dukansu ba da mugunta sunka yi ba, iyakar saninsu ke nan, amma dukansu ukun ba wanda ya tsaya ya goge ƙarfen nan ya dube shi da ido.

Ranar da abin ya ƙare ina dawowa daga gida da yamma, na wuce Kware kaɗan, maman yara na gaba yara uku a baya, sai na ji ƙauri awa ana toya tsohon mai. Na gangara gefe na fito, wallahi wilin baya ko kusa da shi ba ka iya kai hannu, hayaƙi na fita ta tsakiya. Cikin ruɗewa na fasa fiya wata biyu na watsa mashi ya yi cuuu, wanda daga baya anka ce man kuskure ne babba don ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa ko ya karkace. Na sa iyali cikin wata motar haya sunka wuce, ni kuma na jira ya huce na lallaɓo da giya biyu har gida, sai bayan isha'i na shigo.

Wani direban Golf da ke lodin Illela, abokin yayana ne, shi ya ce man in daina wahal da kaina in kai ma wani tsoho can wajen Runjin Sambo. Garejin ba allo ba suna, itacen dogon yaro biyu ne da wata rumfar kwano da ta sha duniya, da gawarwakin Golf uku ko huɗu da anka cinye ma rabi. Kowa Baba yake ce mashi, ni ma haka na bi.

Na isa wajen ƙarfe 8 na safe, na gaishe shi, ya amsa yana shan kununshi bai ko tashi ba. Na fara zuba bayani, boris kaza, kuɗi kaza, sai ya ɗaga man hannu.

"Malam, sau nawa anka canza?"

Na ce uku Baba, cikin wata biyar.

"Duk gehe guda?"

Na ce eh.

"To ba boris na ba. Boris ba ya mutuwa sau ukku gehe guda don ganin dama, akwai abin da ka kashe shi."

Wannan maganar kaɗai ta sa na ji na zo wurin da ya dace. Ya sa yaro ya sa ma tayoyin gaba dutse, anka sa mota giya, anka saki hambirki, anka ɗaga da jak sannan sunka tura wani kututturen icce ƙarƙashi don Baba ya ce shi bai yarda da jak ba ko sabo ne. Kafin a kwance komai ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ƙwas ƙwas, ya juya ta da hannu tana ƙara awa dutsen niƙa, ya ce ka jiya? Na ce na ji.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai taɓa leƙa wurin ba, don ni ma sai ranan na gane. Golf 3 da tayoyin gaba take ja, na baya bin su kawai suke. To a baya akwai wani dogon ƙarfe da ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan, a kowane ƙarshe nashi an ɗaure wani ɗan guntun ƙarfe mai tsini da noti huɗu, tsawonshi bai wuce tafin hannu ba, shi ne makanikai ke kira aksul. Shi ba ya juyawa, tsaye yake cak. Durom ɗin birki ne ke zama a kanshi yana juyawa, tsakaninsu boris biyu, babba daga ciki ƙarami daga waje, sai wosha, sai noti, sai wani ɗan murfi mai haƙora, sai fin, sai hular ƙarfe da ke rufe giris. Duk nauyin bayan mota, da albasata da ragon inna, kan 'yan ƙarafan nan biyu yake, na hagu da na dama.

Da anka cire hula, giris ɗin ciki ya zama baƙi ƙirin ya bushe awa kwalta, ga ƙusar nan ta kafinta, Baba ya zaro ta ya ɗaga sama ya nuna ma yaranshi ya ce ku gani, ranar da na ga ɗayanku ya yi wagga, ya tattara sifanunshi. Durom ya ƙi fita, ni na zaci guduma za a sa, sai ya juyo ramin notin taya ya leƙa da tocilan ɗin waya, ya zura sukudireba ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai kama da tsinin gatari da ke cikin birkin, nan take shu ɗin, wato ƙarafan birki da ke kama durom daga ciki, sunka saki durom ya zamo. Ban taɓa ganin an yi haka ba, wancan na ukun duka ya yi ta yi har sai da na tausaya ma motar.

Sai ya ɗebo fetur a gwangwani ya wanke aksul ɗin tas ya goge da tsumma ya ce Malam taho ka gani da idonka. Ƙarfen ya yi shuɗi shuɗi da ruwan ƙasa saboda wutar da ya sha, daga ƙasa inda babban boris ke zama ya cinye ya yi ɗan tudu da kwari, ya kama yatsana ya bi da farcena wurin na ji yana maƙalewa. Ga ɗigon foncin nan duk sun baje sun koma daidai da jiki. Ya ɗauko wani boris mai kyau daga akwatinshi ya zura, maimakon ya shiga daf sai ga shi yana rawa yana kaɗa kai.

Bayanin da ya yi man shi ne ya biya ni kuɗin mai na zuwa. Ya ce zoben ciki na boris kamata ya yi ya zauna kan aksul ba tare da ya yi ta zagaya ba, 'ya'yan boris ne ke gudu a kanshi. To tun boris na farko da ya bushe ya ɗau zafi, zoben ya riƙa juyawa yana cin ƙarfen, ƙarfe ya rame. Duk sabon da anka sa sai ya zauna a karkace yana rawa, bakanike ya girgiza taya ya ji motsi ya ɗauka noti ne bai ɗauru ba, sai ya ƙara dannewa, alhali irin wanga boris mai siffar mazurari ba a matse shi, in ka matse giris ba ya samun wurin shiga, ya yi zafi ya narke ya ƙone, ya ƙara cin aksul. Kowane gyara da na biya ƙara rame ƙarfen ya yi. Ya ce da na ƙara tafiya kaɗan ranan boris na iya kamewa ya manne da aksul, taya ta tsaya cik ko ƙarfen ya karye ta fita, ni dai na yi shiru ina tuna yara uku a kujerar baya.

Na tambaye shi ko a kai ma mai walda ya cike wurin a kai injin a fere, don na ji ana yi kuma ya fi araha. Ya dube ni ya ce, "Ana yi. Ni ban yi. Ƙarhen da ya sha wuta har ya canza launi ya rasa ƙarhinai, ka ƙara mai wutar walda kuma? In kana so ga hanya nan, amma ba ƙarƙashin iccen ga ba." Ban sake tada maganar ba.

Abu na biyu da ya burge ni, Baba ba ya sayar da kaya kuma ba ya karɓar kuɗin kaya. Ya haɗa ni da babban yaronshi munka hau kabu-kabu zuwa wajen masu sifiya fat na Sahara, da tsohon aksul a leda. Ya ce a nemo ɗan Beljiyam na asali wanda anka kwance daga wata mota, in dai lafiyayye ne ya fi mashi sabon da bai san asalinshi ba. Yaron nan ya koyu wallahi, sai da munka fara sayen boris ɗin sannan duk aksul da anka miƙo sai ya goge ya zura boris ya ji zamanshi, ya ɗaura noti da hannu tun daga baki har ƙarshe ya ji ko zaren ya ci. Na farko zarenshi ya mutu, na biyu yana da irin ciwon nawa sai dai an goge shi da samfefa an shafa mai yana ƙyalli, mai shagon har da rantsuwa, sai a shago na uku munka samu mai kyau. Munka haɗo da boris biyu da zobbansu, da sil mai hana giris zuba, da fin sabo, da gwangwanin giris na boris mai jure zafi, da shu na birki don giris ya narke ya jiƙe na ciki, kuma Baba ya ce shu ba a canza gefe guda sai duka biyun in ba haka ba mota ta riƙa fizga in ka taka. Farashi ba zan rubuta ba don yadda kaya ke tashi kafin ka karanta ya canza, amma abin da na kashe a gyara ukun baya ya fi na wannan rana duka har da kuɗin aiki.

Ɗaurawa kuma nan ne ka san hannu ya daɗe a sana'a. Da anka kwance noti huɗun nan farantin birki ya saki, bai bari ya yi lilo ba sai da ya sa anka ɗaure shi da waya don kada faif ɗin man birki ya lanƙwashe. Ya sa yaro ya kankare tsatsar fuskar da aksul ke zama har ta yi fari, ya ce ko ƙwayar yashi ta shiga tsakani taya za ta tsaya a karkace ta riƙa cin gefe guda, kuma bayan Golf ba shi da wurin saiti irin na gaba balle mai alaimen ya gyara maka. Tsofaffin zobban da ke cikin durom ya fitar da su ya buga sababbi a hankali yana zagayawa yana sauraren ƙarar guduma har ta canza, ashe biyu daga cikin masu gyaran baya ba su ma canza zobban ba, 'ya'yan kawai sunka sauya. Giris kuma ba shafawa ya yi a sama ba, a tafin hannu ya zuba ya riƙa danna boris ɗin ciki har sai da giris ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Wurin noti na matso sosai. Ya ɗaure yana juya durom da ɗaya hannun don komai ya zauna, sannan ya sassauto, ya sa bakin sukudireba ya tura woshar nan da yatsa, ya ƙara ɗan ɗaurewa, ya sake turawa, har ya kai inda woshar ke motsawa da ƙyar ba tare da an yi mata dole ba. Ya ce shi ke nan. Na ce Baba bai yi sako sako ba? Ya yi dariya ya ce wanda ya hau da faif ai ka ga inda ya kai ka. Ya ce Golf 4 ce ake danne notinta da ƙarfi don nata boris ɗin a rufe yake cikin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinshi, Corolla irin ta 2003 zuwa sama kuma hob ɗin gaba ɗaya ake cirewa a sa wani, to yaran yanzu da sunka koyi aiki kan waɗannan sai su ɗauka duk mota ɗaya ce. Ya sa murfi, ya zura fin sabo ya buɗe mashi ƙafa, ya buga hula, ya ce in shiga in taka birki sau da yawa don shu su daidaita kansu.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, don kada a ce an biya ni. Na ɗaya lokaci. Aikin da in an zauna kanshi bai wuce awa biyu zuwa uku ba, na shiga 8 na safe ban fita ba sai bayan la'asar, don Baba mota huɗu yake dubawa lokaci guda kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai an zauna an yi ta har da tambayar mutanen ƙauye. In kana sauri kada ka je. Na biyu wurin zama, benci guda ne kuma da rana ta take inuwar dogon yaron nan ta koma kan motoci, ranar Sakkwato kuwa ba sai na ba kowa labari ba, na sha fura kofi biyu da fiya wata ban san adadi ba. Na uku, kuma wannan ya ɗan tsaya man a rai, ba ya da sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, noti huɗun da ke riƙe aksul da hannu ya ɗaure yana cewa hannunshi ya san awo, kuma tsofaffin notin ya mayar bayan ya wanke ya duba su, ni da an ce in sayo sababbi da na saya don kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na huɗu yaran sun bar man tambarin hannu na baƙin mai a kujera da sitiyari, maman yara ba ta bar ni na huta da wannan ba har kwana biyu. Rasit kuma babu, magana ce kawai, ya ce in ya yi kuka kafin babbar salla in dawo ba zai karɓi ko sisi ba.

Kuɗin aiki da na tambaya sai ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, irin maganar nan da ke sa ka biya fiye da yadda ka yi niyya, na matsa mashi ya faɗi, kuma abin da ya faɗa bai kai abin da mai faif ya karɓa ba. Na ƙara ma yaron da munka je kasuwa wani abu a gefe.

Kafin in tafi ya shiga munka zaga har wajen hanyar jami'a munka dawo, gilashi a sauke rediyo a kashe, ba gurnani ba komai sai ƙarar salansa da na riga na saba da ita. Da munka tsaya ya sa bayan hannunshi kan hular giris ɗin, ya ce in taɓa, ɗumi kaɗan kawai. Ya ce in riƙa yin haka duk na yi doguwar tafiya, in taɓa hagu in taɓa dama, in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai in zo tun bai yi ƙauri ba. Sannan ya leƙa but ya ga ɓawon albasa ya ce Malam buhu nawa kake sa mata? Na ce uku. Ya dube ni. Na ce wani lokaci biyar. Ya ce to wagga ba ni da maganinta.

Yau wata uku da sati biyu ke nan, na je Gwadabawa ya fi sau goma, sau biyu har Illela, taya shiru. In tauraro ake ba da wa huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan na riƙe saboda benci da sifanar awo. Na hagun ma ya buɗe ranan da ya canza shu, ya ce aksul ɗin lafiya lau amma sil ya fara tsufa, in kawo bayan salla a wanke a sake giris. Tsohon ƙarfen na so in bar ma 'yan gwangwan, Baba ya ce a'a a bar mashi, ya rataye shi da waya jikin dogon yaro tare da ƙusar.